Yadda Tsoho Zai Zama Sa'an Nijeriya

Kai dattijo, gyara zama. In kana cikin waɗanda idan an tambaye su ranar haihuwa sai su dubi sama su ce "ana yankan gero ne", to darasin nan naka ne. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, kafin gero ya gama shiga rumbu za ka mallaki ranar haihuwa taka ta kanka, mai lamba, mai wata, cike da manyan mutane da manyan al'amura, har jikokinka su riƙa kawo abokansu kallonka. Ba na neman komai a hannunka. Abu ɗaya kawai za ka ajiye a gefe, shi ne girmanka, kuma akasari ana dawo wa mutum da shi. An gwada hanyar a kan maƙwabcina Jibo na Rikoto, ta kuwa yi aiki, har ta wuce inda aka so.

Mataki na ɗaya: Ka bari jika ya tsokano maganar

Kada ka fita neman ranar haihuwa da kanka, za a ce tsufa ya taɓa ka. Ka zauna, ita za ta zo ta same ka.

Dubi Jibo. Shi ne babban gidansu, gidan da suke zaune shi da ƙanensa Talle, da matansu da 'ya'ya da jikoki. A gidan nan, ranar da aka tuƙa tuwon sabon gero, ba mai sa hannu sai babba ya yi addu'a ya kai loma ta farko. Ba a raɗa suna, ba a karɓar masu neman aure, sai da bakinsa. Talle tun da ya iya magana yake ce masa Yaya, don uwarsu ta rasu yana ƙarami, a bayan Jibo ya girma. Yanzu dukansu gemu ya yi fari, amma har yau Talle ne ke tsallako tsakar gida ya gaishe shi da safe, yana yi yana gunaguni a kan gwiwa.

Wata rana Jibo na ɓarar gyaɗa a gindin mangwaro, sai jikarsa Farida 'yar aji huɗu ta dawo makaranta ta tsaya a kansa.

"Baba Tsoho, yaushe aka haife ka?"

"Amaryata, ko gaisuwa babu? Da kaka ne. Ana yankan gero."

"Nawa ga wata?"

"Goggona ta ce watan ya yi awa ɓarin ƙwarya."

Farida ta turo baki. Ta ce malamarsu, Malama Magdalene, ta shirya taron ranar ɗaya ga Oktoba, kowane yaro zai tashi ya faɗi wani abin tarihi ko wani babban mutum. Ta ce ƙawarta Destiny kakanta yana da ranar haihuwa, har kek ake yanka masa, kuma ya taɓa shiga jirgin sama.

"Ni ban da miji mai komai," in ji ta. "Sai gyaɗa."

Maganar ta shige shi. In naka jikan bai gaya maka irin wannan ba, ka ƙara jira, yana tafe.

Mataki na biyu: Ka zaɓi rana mai cunkoso

Ranaku kamar kasuwanni ne. Wata ta cika har ba wurin sa ƙafa, wata kuwa sai kare da mai sayar da igiya. Kai mai neman suna, ka nufi wadda ta cika.

Da Jibo ya kawo mini kukansa, na ja shi zuwa rumfar Suhaibu mai cajin waya, muka sa shi ya buɗe wayarsa ya karanto mana ranakun kaka. Ni dai huɗu ga Oktoba ce ta kwanta mini. A ranar ce mutanen Rasha suka harba wata dunƙulalliyar na'urar ƙarfe sama, girmanta bai wuce tulu ba, ta yi ta zagaya duniya tana kuka ƙit, ƙit, kamar ɗan tsako da ya ɓace wa uwarsa. Ka duba fa, ta bi ta kan Zuru, ta bi ta kan Dabai, mutane na ɗaure dami ba wanda ya ɗaga kai. Na ce Jibo, ga ranarka. Ya ce shi ba ya haɗa rana da tulu.

A nan kuma ka yi hattara. Suhaibu ya karanto mana cewa akwai wata shekara can da, da wasu Turawa suka gyara lissafin kwanakinsu, suka kwanta huɗu ga Oktoba suka tashi sha biyar ga wata. Kwanakin tsakiya ba a yi su ba. Tun daga ranar nake tunanin inda suka shiga. Ko suna nan a ajiye sababbi fil, ba wanda ya yi faɗa a cikinsu, ba wanda ya mutu? Da za a raba su, da na roƙi guda in kwanta a ciki. Amma kai kada ka zaɓi ranar da ta taɓa ɓata. Wadda ta tafi sau ɗaya ta san hanya.

Daga ƙarshe Suhaibu ya buɗe ɗaya ga Oktoba, ya yi ta karatu har wayar ta yi zafi. Jibo ya buga sandarsa a ƙasa.

"Wagga ita ta tawa. Ai dama na ji a jikina."

Mataki na uku: Ka mai da abokan ranarka dangi

Yaro ba ya riƙe tarihi in an ba shi tsurarsa. Sai ka haɗa masa da zumunta.

Kada ka ce, "A rana irin ta yau aka haifi wani shugaban Amurka." Ka ce, "Akwai wani ɗan'uwana manomin gyaɗa, rana ɗaya muke da shi. Daga gona aka kira shi aka ba shi mulkin Amurka, ya gama ya koma gida, sai da ya cika shekara ɗari." Ka faɗa kana ɓarar gyaɗa, ka ɗan yi ajiyar zuciya, yadda yara za su gane kai ma kiran ne bai iso ba.

Haka Jibo ya yi da la'asar a gindin mangwaro, yaran unguwa sun kewaye shi, Farida a gaba. Ya gaya musu a ranarsa ce aka fito da wata mota a Amurka wadda talaka ma zai iya saye, baƙa, tsaye ƙiƙam kamar akuya a kan dutse. A ranarsa ce mutanen Sin suka kafa sabuwar ƙasarsu. A ranarsa ce mutanen Japan suka saki wani jirgin ƙasa mai gudun tsiya, wanda in da daga Zuru ya tashi, kafin ka kwance ƙullin goro an wuce Dirin Daji.

"Ina mutum zai je da wannan sauri?" in ji wani yaro.

"Shi na ce musu," in ji Jibo. "Ba su ji ba."

Ya gaya musu wata ƙasa Tubalu, 'yan tsibirai a tsakiyar teku, ita ma a ranarsa ta sami 'yanci. Wannan ni na sa ya riƙe ta, don tana ba ni tausayi. Ƙasa guda ruwa ya kewaye ta ko'ina, in akuyarka ta tsinke ba inda za ta. Ya ce Zamfara ma a ranarsa aka yanka ta, ƙanwarsa ce ta bayan baya. Ya ce duniya kaf ta ware ranar don girmama tsofaffi, saboda haka wani ya tashi ya kawo masa ruwa. Yara uku suka ruga.

Sa'an nan ya rage murya, ya ce mafi girma duka, a ranarsa Nijeriya ta karɓi mulkin kanta.

Mataki na huɗu: In an tambaye ka shekara, kada ka yi inda-inda

Yara ba sa tsayawa inda aka ajiye su. Ka ba su rana, za su nemi shekara.

"Baba Tsoho, to wace shekara?" in ji Farida.

Jibo ya dubi fuskokin nan. Tun da yake, ba a taɓa saurarensa haka ba, har mai tallan awara ta sauke farantinta. Ya ga idon Farida na ƙyalli. In ya ce bai sani ba, duk ginin ya rushe.

"Shekarar da kanta," in ji shi. "Ana sauke tutar Bature, ana yanke mini cibiya. Ni da Nijeriya sa'o'in juna ne."

Farida ta daka tsalle ta nufi gidan su Destiny ko takalmi babu. Washegari ta dawo da saƙon Malama Magdalene, wai ana gayyatar Baba Jibo taron makaranta, shi ne babban baƙo.

Ka lura da yadda ya yi. Bai yi tari ba, bai sosa ƙeya ba. Masana sun tabbatar, wato ni da Suhaibu, cewa magana in ta fito a miƙe, rabinta ta riga ta zama tarihi.

Mataki na biyar: Ka shirya karɓar saƙon sa'anka

Suna yana zuwa da 'yan rakiya. Kafin mako ya zagayo, duk kasuwa ta ji. In aka ɗauke wuta, sai ka ji wani tela ya leƙo: "Baba Jibo, a yi wa sa'anka magana mana." Direba ya faɗa rami, ya sauko ya ce a gaya wa Jibo abokin haihuwarsa na bukatar gyara. Wata mai ƙosai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ashe shi ya sa kai ma kake ɗingishi."

Kada ka yi fushi. Ka gyaɗa kai ka ce, "Za mu zauna da shi." Ba wanda zai dawo ya tambaye ka yadda kuka ƙare.

Mataki na shida: Ka fara ƙirga waɗanda suka san ka a gida

Wannan mataki kamata ya yi ya zo a farko. A nan muka tuna da shi, shi ya sa na bar shi a nan.

Da safe Jibo ya shimfiɗa buzunsa yana jiran gaisuwar Talle. Rana ta ɗaga, shiru. Can sai ga Talle ya fito ya zauna a kan turmi, ya miƙe ƙafa yana sakace.

"Jibo," in ji shi.

Jibo ya waiga ya ga ko da wani Jibon ake.

"Mi kac ce?"

"Na ji an ce ranar 'yanci anka haife ka. Barka. Ni ko ranar ina da rai, har shinkafa na ci a filin makaranta, anka ba ni 'yar tuta. Kowa a gidan nan ya san labarin, kai ka saba ba da shi. To lissafa mini, wa ag gaba da wani?"

"Kai Talle, ka kiyaye ni. Wa ya goya ka zuwa filin?"

"Shi nike mamaki. Jinjiri ɗan yini guda ya goyi yaro. Allah mai iko."

"Wasan yara ne fa wanga."

"To kira Farida ka gaya mata wasa ne, in taso in gaishe ka yanzu, har da durƙuso. In ko ba ka iyawa, ga ni zaune. Gwiwata ta daɗe tana jiran hutu. Kuma an fara sussukar gero, ka sani."

Jibo ya miƙe a fusace, ya ce yanzun nan zai warware zancen. Ya zagaya bayan ɗaki. Ya tarar da Farida ta tara kaji da 'yan awaki, ta riƙe muciya a baki kamar lasifika, tana cewa, "Jama'a, ga kakana, sa'an Nijeriya, wanda ya fi kakan kowa." Ta hango shi ta ce, "Baba Tsoho, na gaya wa Destiny, ta ce ƙarya ne. Na ce ranar za ta gani."

Jibo ya tsaya.

"Ki ɗaga murya a wurin sunana," in ji shi, ya juya.

Ya zo wurina neman mafita. Na ba shi shawara ya ce an haife shi sau biyu. Ya dube ni wani iri, ya tafi bai yi sallama ba.

Mataki na bakwai: Ranar taro, ka sa fari da kore, ka riƙe numfashi

Jibo ya sa farar riga da koren rawani, aka zaunar da shi a kujerar roba kusa da shugaban makaranta. Iyaye sun cika fili. Yara suka yi fareti, suka tashi ɗaya bayan ɗaya, wannan ya faɗi jirgin ƙasa, wancan ya faɗi manomin gyaɗa, duk daga gindin mangwaro suka kwaso. Farida ta zo ta faɗi nata ba gargada, aka yi tafi. Jibo ya fara jin kamar ya tsira.

Sai Malama Magdalene ta karɓi lasifika.

"Yara, me na koya muku? Tarihi yana son shaida. Ko akwai wanda yake nan ranar da aka haifi Baba?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, ita neman ƙarin armashi take. Amma daga can baya sai aka ga sanda ta ɗaga. Talle ya taho a hankali, yana gaisawa da mutane hagu da dama, har ya iso.

"Ni ina nan ranar, Malama."

"Madalla, Baba. Gaskiya ne abin da Farida ta faɗa?"

Destiny ta miƙe tsaye don ta ji da kyau. Farida ta dubi kakanta tana murmushi, ko a ranta ba ta kawo komai ba.

"Zan faɗi," in ji Talle. "Sai dai yaron nan yau bai gaishe ni ba. Ni ko in ba a gaishe ni ba, tunanina ba ya buɗewa."

Aka yi dariya, an ɗauka raha ce. Jibo ya ji rawanin ya yi masa nauyi. Ya tuna tuwon sabon gero, ya tuna buzunsa na safe, ya tuna masu neman auren da ke durƙusa masa. Ya sake duban Farida. Ya miƙa hannu aka ba shi lasifika.

"Ina kwana," in ji shi.

"Da wa kake?"

"Ina kwana, Yaya."

"Kunnen nan nawa sai a hankali."

"Ina kwana, Yaya Talle."

Lasifikar makarantar nan ba ta wasa. Masu wanki a bakin rafi ma sun ce sun ji.

"Lafiya lau, ƙanena," in ji Talle. Ya juya ga jama'a ya gyara murya. "Gaskiya ne, ranar anka haife shi. Ɗan mitsitsi, kuka kamar an taka mage. Uwarmu ba ta daɗe ba ta rasu, ni na goya shi. Ranar da anka raba shinkafa, rana ta yi zafi, na tuɓe rigata na rufa mai kai, na tahi da shi a baya har filin. Nama guda anka sa mini, na tauna na ba shi. Tutarsa ta faɗi cikin turmutsutsu yana ta kuka, na ba shi tawa, na ce ni dama ban so. In dare ya yi yana neman uwa, ni ka zagayawa da shi bayan rumbu har ya yi barci. Duk ban manta ba. Ko ɗaya."

Ba wanda ya tsaya tambayar yadda jinjirin yini guda ya ci nama. Jibo kuwa ya sunkuyar da kai. Shi a zatonsa a lokacin Talle ya yi ƙanƙanta da riƙe waɗannan abubuwa da ya yi masa, shekara da shekaru bai taɓa jin ya ambace su ba. Ya kama bakin rawani yana goge ido. Shugaban makaranta ya nuna shi ya ce yara su ga yadda ake kishin ƙasa. Destiny ta matso ta tambayi Farida ko za a bar ta ta taɓa sandarsa.

Mataki na takwas: Ka zauna da abin da ka samu

Abin da aka faɗa a lasifika ba ya komawa ciki. Da aka tuƙa tuwon sabon gero, gaban Talle aka dire akushi. Ya ja addu'a, ya haɗa da Tubalu a ciki, har hannun da Jibo ya wanke ya bushe. Ya kai loma, ya lumshe ido. Sa'an nan ya lalubo tsoka mafi girma a miya ya tura gefen Jibo.

"Ci, ka girma," in ji shi.

Jibo ya ci. In kai ne ma ka ci, tsoka ba ta da laifi.

Sanarwa

Mai wannan darasi bai ce kowa ya yi ƙarya ba, ya dai nuna inda ake samun ranaku. Motar da jirgin da manomin gyaɗa duk gaskiya ne, yara su riƙe su. Sauran kuwa tsakaninka da gidanku. In ka bi matakan nan ƙanenka ya zama wanka, ko matarka ta lissafa ta ga ta girme ka, ko aka ce ka yi ƙuruciya da zama a sahun dattawa, ba hannuna, ba ƙafata, kada a aiko mini kowa. An ce Jibo ma yana nemana da sanda, amma hankalina kwance yake. A gidansu yaro ba ya fita sai ya nemi izinin babba, kuma Yaya Talle ya ce sai ya gama tsince masa gyaɗa.